Shekarar da 'Yar Farina Ta Daina Ji

Ita ce 'yar farina, don haka ba zan kira sunanta a nan ba. Haka muka taso muka tarar: mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi sosai. Tun da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Inna, uwar maigidana. Gida ɗaya muke, amma ɗakin Inna yana can kusa da rumbuna, nawa yana bakin madafi. In zan aike ta sai in ce "ke", ta kuwa san da ita nake. Ita kuma Yaya take kirana, don abin da ta ji ƙannen mijina suna kirana ke nan.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗambatta, inda gonaki suka haɗe da juna, babu abin da ya raba ta wani da ta wani sai layin gamba. A lokacin da abin ya faru, damina ta yi mana gardama shekara da shekara. Gero ya fito ya ƙone kafin ya fid da kai. Rumbu ya yi ƙasa tun sanyi bai wuce ba. Kwaɗon rama da zogale da tafasa suka zama abincin rana, tuwo kuwa sai wanda Allah ya ba. Maza suka watse cin rani. Maigidana yana Kano yana dako a kasuwa, sai dai mu ga saƙon garin rogo in wani ya zo gida.

Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba a lokacin. Aku Inna take ce mata saboda surutu. In ta tafi ɗebo ruwa da sa'anninta, tun daga rijiya za ka jiyo muryarta. Ta haddace Fatiha da ƙananan surori, kuma babu waƙar gaɗa da ba ta iya ba.

Da bazara ta kankama, zafi ya kai inda ko kaji ba sa fita daga ƙarƙashin rumbu, sai sanƙarau ya shigo. Yau a ce ɗan gidan wane ya kwanta, gobe a ce an kai shi. Wata safiya ta ce wa Inna kanta yana ciwo, hasken rana yana sukar idonta. Kafin azahar jikinta ya yi zafi rau, tana amai, wuyanta ya ƙage ya lanƙwashe baya. Ƙanen maigidana ya ɗaura amalanke. Inna ta miƙe za ta bi, ƙafafunta suka ƙi. Ta dube ni ta ce, "Tashi ki bi 'yarki."

Ranar na fara rungume ta tun bayan yaye. Na ɗora kanta a cinyata har bakin titi, daga nan muka sami mota zuwa asibiti. Ɗakuna sun cika, a ƙarƙashin wata rumfa aka shimfiɗa mu tare da sauran masu irin ciwon. Ma'aikatan nan sun yi aiki, Allah ya saka musu. Allura ake yi mata safe da yamma. Wasu da muka zo tare da su ba su koma da nasu ba. Ita kuwa wata rana da hantsi ta buɗe ido ta ce tana son koko.

Muka dawo gida ana ta barka. Ta rame, in ta tashi tafiya sai ta riƙa tangaɗi kamar mai jin jiri, muka ce rashin ƙarfi ne. Inna ta kira ta, ba ta waiwaya ba, muka ce shagwaɓar jinya ce. Sai ranar da akuya ta shiga madafi ta ture kwanukan da na jera. Ƙarar ta sa kaji suka watse, jaririn da ke bayana ya tsandara kuka. Ita tana zaune ta ba madafin baya, tana wasa da kara a ƙasa. Ko gezau.

Na tsaya riƙe da muciya. Inna ta zagaya ta bayanta ta tafa hannu daidai kunnenta. Shiru. Da yarinyar ta ɗago ta ga duk mun zuba mata ido, sai ta ce da ƙarfi, "Inna, wai me ya sa kowa ya daina magana? Bakinku kawai yake motsi."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Ni kuwa na shige ɗaki, don kada a ga hawayena a kan 'yar fari.

Masu ba da magani ba su yi wuyar samu ba. Wannan ta ce a ɗiga man shanu mai ɗumi, waccan ta ce ruwan albasa. An ɗiga, an yi rubutu ta sha, an yi addu'a. Wani wanzami ya leƙa kunnen ya ce ciwon ne ya bar wani abu ya toshe hanya, in an yarda zai sa ƙarfe ya zaƙulo shi. Allah ya sa ranar maigidana ya dawo. Mutum ne marar yawan magana. Ya saurari wanzamin har ya gama, sannan ya ce, "Abin da ido bai gani ba, ƙarfe ba zai shiga nemansa a kan 'yata ba. Kano za mu."

Akuyar da ta ture kwanukan ita aka kai kasuwa, muka kama hanya mu uku.

Likitan kunnen da muka gani dattijo ne, Hausarsa irin ta mutanen gabas. Ya haska kunnuwanta da 'yar fitila. Ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya kai kusa da kunnenta, ya kuma ɗora mata shi a ƙashin bayan kunne. Aka shiga da ita wani ƙaramin ɗaki aka sa mata abin sauraro a ka. Da suka fito sai ya ɗauko wani kunne na roba, babba kamar ƙwarya, wanda ake buɗe shi a ga cikinsa, ya ajiye a gabanmu.

Ya ce, "Malam, wannan da muke gani a waje muna kira kunne, mazurari ne kawai. Aikinsa ya tattaro sauti ya zuba a rami. Sauti kuwa ba komai ba ne illa girgizar iska. A ƙarshen ramin akwai wata fata siririya a ɗaure kamar fatar kalangu, ita ce dodon kunne. In sauti ya buge ta sai ta girgiza."

Ya buɗe robar ya nuna mana wasu ƙasusuwa uku da ke bayan fatar. Ya ce a jikin mutum ƙaramin cikinsu bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ke karɓar girgizar su miƙa ta can ciki, inda akwai wani abu a naɗe kamar katantanwa, cike da ruwa. A cikin ruwan akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani. In ruwan ya motsa sai su kaɗa, kamar yadda iska ke kaɗa shuka, su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. A nan ne mutum yake sanin cewa kiransa aka yi, ko zakara ne ya yi cara.

Maigidana ya ce, "To, ita ina ne ya lalace?"

Likita ya ce, "Da dauɗa ce ta toshe ramin, da yanzu na wanke. Da ruwa ne ko mugunya ta taru a bayan dodon kunne, da akwai magani. Ko fatar ce ta fashe, kamar yadda tsinke ko mari ke fasa ta, sau da yawa tana haɗewa. Nata duk waɗannan lafiyarsu lau. Sanƙarau ya shiga can cikin katantanwar ya kashe gasun nan, su kuwa in sun mutu ba sa sake tsirowa. Tangaɗin da take yi ma daga nan ne, don abin da ke daidaita tsayuwar mutum yana maƙwabtaka da wurin. Shi zai ragu a hankali."

Ya ce ba sanƙarau kaɗai ke yin wannan ɓarna ba. Ƙyanda tana yi, hangum yana yi, wasu magunguna masu ƙarfi suna yi in an sha ba bisa ƙa'ida ba. Mai injin niƙa da ke wuni cikin ƙara, nasa a hankali suke mutuwa bai sani ba. Tsufa ma yana cinye su, wani kuma haka ake haihuwarsa.

Ban saba magana a gaban maza ba, balle a kan wannan yarinya. Amma sai na ji bakina ya ce, "Likita, maganarta fa?"

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Kin yi tambaya. Harshenta lafiya lau. Amma yaron da ba ya jin muryarsa, maganar takan zube masa kaɗan kaɗan har ya yi shiru. Sai in an sami wanda zai zauna da ita kullum, fuska da fuska, yana yi mata magana tana kallon bakinsa, yana sa ta tana mayarwa. Wa ya fi zama da ita a gida?"

Maigidana ya ce kakarta. Likita ya tambaya ko tana da haƙora. Duk da halin da muke ciki sai da maigidana ya yi murmushi, don Inna ko ɗaya ba ta da shi. Likita ya ce, "To, bakin da babu haƙori yana da wuyar karantawa. Uwarta ce za ta yi."

Da muka dawo maigidana ya kwashe duka ya gaya wa Inna. Sai ta tashi ta naɗe tabarmar yarinyar, ta haɗa da 'yan kayanta, ta kawo ƙofar ɗakina ta ajiye. Ta ce, "Kunya ado ce, amma ba a yin ado da rai a bakin rijiya. Karɓi abarki. Duk wadda ta yi miki gori ki turo ta wurina."

An kuwa yi gorin. In mata suka shigo suka tarar da ni zaune gwiwa da gwiwa da 'yar fari, na riƙe haɓarta ina kallon cikin idonta, sai su kama baki. Wata ta ce zamani ya zo da abin mamaki. Ni kaina da farko idona ba ya iya tsayawa a nata, sai in ji kamar na yi tsirara a kasuwa. Ita ce ma takan kamo fuskata da hannu biyu ta juyo da ita, ta ce, "Yaya, ki tsaya mana, ban gani ba."

Ba ni da ilimin koyarwa, dabara ce kawai ta zo. Ina tankaɗe ina yi mata magana, ina kaɗi ina yi mata magana. In ɗaga abu in faɗi sunansa, ta faɗa. In kalma ta karkace a bakinta, sai in ɗora hannunta a maƙogwarona ta ji yadda yake rawa, sannan ta ɗora a nata. In muryarta ta yi sama da yawa sai in taɓa mata kafaɗa, in ta yi ƙasa in ɗaga mata gira. Surorin da ta haddace kullum sai ta biya mini su bayan asuba, don kada su gudu. Abin da baki ya kasa, hannu ya yi. Shafa haɓa shi ne babanta. Jan carbi shi ne Inna. In muna son ta waiwayo sai mu buga ƙafa a ƙasa, ko mu jefa ɗan tsakuwa gabanta.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai lokacin da yara suka riƙa binta suna kiranta bebiya, ta gane daga bakinsu. Ta dawo ta fasa ƙwaryar da ke hannunta, ta shiga ɗaki ta juya wa bango fuska. Ta yi kwanaki ko uffan. In na zo gabanta sai ta rufe ido, ta san in ta rufe ido babu ta inda zan shiga. Wannan ya fi ciwon kansa tayar mini da hankali. Ban matsa mata ba. Na dai riƙa daka kusa da inda take kwance. Wata rana ina cikin daka sai na ga ta fito ta ɗauki ƙaramar taɓarya ta tsaya a ɗaya gefen turmin. Na buga, ta buga. Ba ta saɓa ko sau ɗaya ba, tana jin bugun ta tafin ƙafarta. Muka yi lugude har gero ya yi laushi. Da muka tsaya ta share gumi ta ce, "Gobe zan gaya musu ni ba bebiya ba ce. Kurma ce ni." Ta kuwa je ta gaya musu, har da ƙarin abin da ban koya mata ba.

Shekarar da ruwa ya dawo, hadarin farko ya taso da yamma muna tsakar gida muna kwashe shanya. Aka yi wata tsawa da ta girgiza ƙasa. Sai ta saki zanen da ke hannunta ta dafe ƙirji, ta ce, "Yaya, na ji! A nan na ji!" Ta tsaya cikin ruwan tana jiran wata. Ban hana ta ba, na tsaya tare da ita muka jiƙe sharkaf.

Da ta kai kamar shekara goma, babanta ya ji labarin makarantar kurame a Kano. Inna ta ce ba za a kai mata jika cikin baƙi ba, yarinyar da ko mota ta taho ta bayanta ba za ta sani ba. Ni ma zuciyata ba ta so. Amma na ga iyakar abin da zan iya ba ta ya ƙare, kanta kuwa yana neman ƙari. Na je na durƙusa gaban Inna na ce, "Ke kika ce in karɓi abata. To, na karɓa, yanzu kuma ina roƙon ki bar ni in ba da ita." Ta harare ni, ta ce bakina ya buɗe da yawa kwanan nan. Amma ita ta soya mata gyaɗa ranar tafiya.

A can ta koyi karatu da rubutu da ɗinki, da maganar hannu ta sosai, ba irin tamu ta gida ba. Malamanta sun yi mamakin yadda maganarta ba ta zube ba. Duk hutu in ta zo sai ta zaunar da ni ta zana mini baƙaƙe a ƙasa da kara, ta riƙe haɓata kamar yadda nake riƙe tata. Rubutun nan da nake yi yanzu, daga hannunta na same shi.

Ta yi aure a wajen Tsanyawa, mijinta kafinta ne, shi ma kurma, a makarantar suka san juna. 'Ya'yansu duk suna ji garau. Lokacin da take goyon na fari, zare takan ɗaura daga ƙafarsa zuwa hannunta in za su kwanta, yana motsawa ta farka.

Wata bazara ta zo mana ganin gida da yaranta, sai aka ji sanƙarau ya ɓulla a ƙauyukan arewa da mu. Ma'aikatan lafiya suka zo da allurar rigakafi, suka kafa teburinsu a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa. Rana ta ɗaga, babu wanda ya fito. Maganganu sun yi yawa a gari, wasu na cewa ba a san abin da ke cikin allurar ba. Mata sun taru a gidan suna a maƙwabtanmu, kowa ta riƙe ɗanta.

Muna zaune a cikinsu tana bin bakunansu da ido. Can ta taɓa ni ta tambaya da hannu, me ake cewa? Na gaya mata. Sai ta miƙe tsaye a tsakiyar tsakar gidan. Muryarta ba irin ta kowa ba ce, tana hawa tana sauka inda ba a zata ba, amma kowace kalma ta fita.

Ta ce, "Iyayena, ku dube ni. Da yawanku kun san ni ina ƙarama, kun san bakina. Ciwon nan ne ya mai da ni haka, ni ce ma wadda ta yi sa'a. Ina sa'annina da muka kwanta tare? Na haifi 'ya'ya, ban taɓa jin kukan ko ɗaya ba. Ban san muryar wannan ba." Ta dafa kan babban ɗanta. "Na gode wa Allah, ban rasa komai ba a rayuwa. Amma da a lokacina akwai abin da za a yi mini a hannu in tsira da jina, da Yaya ta kai ni ko da a kan ƙaya za ta taka. Ni dai zan kai nawa. Wadda ta ga dama ta biyo ni."

Ta saɓa ƙaramin a kafaɗa, ta ja sauran, ta fita. Na tashi na kama hannun autana na bi bayanta, ban waiwaya ba. Muna isa tsamiya na ji takun ƙafafu da kukan yara a bayanmu. Kafin la'asar layi ya kai bakin masallaci, har mai unguwa ya sa aka kawo wa ma'aikatan fura. Allah shi ne mai tsarewa, amma a bazarar nan ba mu binne yaro ko ɗaya a unguwarmu saboda sanƙarau ba.

Wata tsohuwa ta tare ni a hanya da yamma ta ce, "Wannan 'ya taki, namiji ce." Bisa al'ada kamata ya yi in sunkuyar da kai in ce ba ruwana. Sai na ce, "Ai kuwa."

Ranar da za su koma na raka su bakin titi da ƙullin kuka da daddawa. Motar ta cika, ta sami wuri a baya jikin taga, gilashin kuma ya ƙi zugewa. Masu rakiya suna ta ɗaga murya suna bubbuga mota, na ciki suna cewa ba sa ji. Mu kuwa muka ci gaba da hirarmu da hannu ta cikin gilashin. Ta ce in gaya wa babanta ya rage cin goro. Na ce ta aiko mini da rigar da ta yi alkawari kafin salla. Ta ce hannun rigar ne ya rage. Direba ya leƙo yana kallonmu, ya girgiza kai yana dariya, sannan ya ta da mota.